Shin Ƙanƙara Tana Warkar da Jijiyar da Ta Matse?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni baduku ne a unguwar Birni, cikin Damagaram. Wata 3 ke nan babban yatsana da manuni da na tsakiya suna mutuwa da dare, har sai na tashi na yarfa hannun. A asibiti an ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Nakan tsoma hannun cikin ruwan ƙanƙara in ji sauƙi. Shin wannan zai warkar da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Jijiyar da ke kai ji ga waɗannan yatsu tana bi ta wata ƙuntatacciyar hanya a wuyan hannu tare da jijiyoyin tsoka 9 masu lanƙwasa yatsu, saboda haka wanda ya wuni yana danna basilla cikin fata yana ƙara mata matsi, da dare kuma hannun ya lanƙwashe cikin barci, matsin ya tsananta.

Sauƙin da kake ji gaskiya ne, domin sanyi yana rage kumburi, yana kuma rage saurin saƙon da jijiya ke kaiwa, sai zafin ya lafa na ɗan lokaci. Amma ba ya buɗe hanyar da ta ƙuntata. Jijiyar da aka sassauta wa matsi da wuri takan farfaɗo cikin makonni, wadda zarenta ya lalace kuwa tana tohowa kimanin milimita 1 a rana, kuma ƙanƙara ba ta hanzarta wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne tsoma hannun da kake yi. Fatar da ba ta ji sosai ba za ta gaya maka lokacin da sanyi ya fara ƙona ta ba, balle ga mai ciwon sukari. Likitoci sun sha ganin waɗanda suka daɗe da ƙanƙara a gefen gwiwa, inda jijiya ke kusa da fata, har ƙafarsu ta kasa ɗagawa. Idan za ka yi amfani da ita, ka naɗe ta cikin tsumma mai tsabta, ka ɗora a wuyan hannu minti 10 zuwa 15, ka duba fatar, in ta yi fari ka cire nan take.

Abin da ke taimaka wa jijiyar kanta shi ne ɗaurin da ke riƙe wuyan hannu a miƙe lokacin barci, da hutawa tsakanin ɗinki, da naɗa ƙyalle a ƙotar basilla domin ta yi kauri. Ka haɗa tafin hannayenka biyu ka duba tsokar gindin babban yatsa. Idan ta hannun mai ciwo ta fara lotsawa, ko allura tana suɓuce maka, ko mutuwar yatsun ta daina sakinka da rana, ka tafi Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ba tare da jinkiri ba, domin a wannan mataki ana iya buƙatar ƙaramar tiyata a sassauta wa jijiyar.