Amsa kan tambayar EKAN da COCIN

Salama a gare ku 'yan'uwa. 'Yata, na ji tambayarki, wai me ya sa Kaka take cewa EKAN alhali a allon coci COCIN aka rubuta, kuma wa yake canja mana fasto. To, Kaka ba ta yi kuskure ba ko kaɗan.

A 1904 ne Dokta Karl Kumm, Bajamushe, da abokansa uku na mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) suka sauka Wase, gindin dutsen nan. Aikin bai kama a can ba, sai aka koma Langtang wurin Tarok. Amma abin da nake so ku yara ku riƙe, Turawa ba su da yawa. Iyayenmu ne suka kai bishara ƙauye ƙauye da ƙafa. An buɗe makarantar Gindiri a 1934, mutum ya tafi da matarsa, su yi noma su yi karatu, da Hausa ake koyarwa. A 1938 aka naɗa fastoci uku na fari: Toma Tok Bot daga Forom, Bali Falang daga Langtang, David Lot daga Panyam. Birom, Tarok, Mwaghavul, kowa da yarensa, Hausa ce ta haɗa su. Shi ya sa sunan ma na Hausa ne, Ekklesiyar Kristi a Sudan, wato EKAS, daga baya aka ce a Nijeriya, EKAN ke nan. COCIN sunan Turanci ne, Church of Christ in Nigeria, kuma da aiki ya tsallaka iyaka aka mai da ƙarshensa "cikin al'ummai". Ni dai raina yana ɓaci in ga yaro bai san sunayen mutum ukun nan ba.

Maganar fasto kuwa, dattawanmu na nan ba su da ikon cire shi ko kawo wani. Majami'u ne suke haɗuwa su zama LCC, wato ƙaramar majalisar ikkilisiya, LCC su zama RCC, majalisar yanki, sai PCC, majalisar lardi, sannan babbar majalisa, GCC, hedikwata tana nan Jos. Daga sama takardar canji take fitowa. Baikonmu ma wani kaso yana hawa ta wannan tsani, da shi ake riƙe masu bishara a daji.

Katin baftismar mahaifiyata yana cikin akwatina, ya yi ja, gefensa ya cinye, EKAS ne a jiki. Ranar Lahadi bayan sujadar Hausa ki same ni bakin ƙofa, zan zo da shi.