Ƙulle-ƙullen saiwar waken soya: cuta ce ko alheri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tumɓuke waken soyata na ga saiwar cike da 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. Maƙwabcina ya ce cuta ce, in yi feshi. Me zan yi? — Wani manomi daga jihar Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka yi feshin tukuna. Ka sake tumɓuke tsiro ɗaya a hankali da ƙasarsa, ka wanke saiwar, ka murza ƙulli guda da yatsa. In ya ɓalle cikin sauƙi, manne yake a gefen saiwa, wannan gidan bakteriyar rizobiyam ne, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu amfanar tsiro, ba cuta ba ce. In saiwar ce da kanta ta kumbura har ba ya ɓallewa, aikin tsutsar saiwa ne, wannan kuwa cuta ce.

Sannan ka tsaga ƙullin da farce. Ja-ja a ciki yana nufin aiki na tafiya. Fari bai fara ba ko ba zai yi ba, kore kuma ya tsufa.

Ga abin da ke faruwa. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya cinsa haka. Bakteriyar tana da wani inzayim, wato sinadarin da ke sarrafa abu, mai suna naitirojinas, mai juya wannan iska ta zama amoniya, abincin da ake nema a takin yuriya. Tsiron kuma yana biyanta da sukari. Matsalar inzayim ɗin ita ce iskar oksijin na lalata shi, shi ya sa tsiron ke yin wani jan sinadari da ke kama oksijin yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Shi ne jan da ka gani.

Aikin yana cin ƙarfi sosai, yana kuma buƙatar sinadarin fosfaras, don haka ƙasar da ba fosfaras ƙullenta ƙanana ne. A zuba takin supa, mai fosfaras, buhu 3 zuwa 4 a hekta lokacin shuka. Yuriya kuwa mu a ganinmu asarar kuɗi ce a kan waken soya: tsiron da ya samu naitirojin a banza sai ya rage ciyar da bakteriyar, ƙullen su ragu.

Gonar da ba a taɓa noma waken soya ba, a cuɗa iri da garin rizobiyam, irin NoduMax na cibiyar binciken noma ta IITA, giram 100 ga iri kilo 10. A jiƙa irin da ruwan ƙaro kaɗan don garin ya manne, a barbaɗa, a juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi-baƙi, a sha iska a inuwa, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin garin rayayyu ne, zafin rana na kashe su. Ledar da ta wuni a rana ko wa'adinta ya wuce, kada ka saya. Kuma kada garin ya haɗu da takin zamani kai tsaye a rami ɗaya.