Amsa: Za a iya kaɗa gashin zomo ya zama zare?

Malama, kin ce kina kiwon zomaye a ƙauyenku wajen Minjibir, kina tambaya ko gashin da suke zubarwa zai kaɗu kamar auduga. Gaskiya na zomayenmu na gida ba zai yi ba, ya yi gajarta da yawa. Wanda ake saƙa da shi na zomon Angora ne, mai dogon gashi, ana aske shi kusan duk bayan wata 3, kuma ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawansa a duniya.

Silinsa siriri ne ƙwarai, kaurinsa kamar maikuron 12 zuwa 16 (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), ya fi gashin mutum siranta nesa ba kusa ba. Cikinsa akwai rami da ke riƙe iska, shi ya sa ba shi da nauyi amma ya fi gashin tunkiya ɗumi. Da hunturu babu kamarsa.

Matsalar tana wajen kaɗi. Santsi gare shi, ba ya da lanƙwasa, silin ba ya kama ɗan'uwansa. Kin ga auduga in an shiɓe ta, kina murza mazari tana bin hannu. Wannan kuwa zamewa yake yi, zaren ya tsinke. Shi ya sa galibi ake gauraya shi da gashin tunkiya. Ko an saƙa, yana zubar da gashi, in kuma aka cuɗa shi a ruwan zafi sai ya dunƙule ya tsuke.

Don Allah kada ki zuba kuɗi a Angora tukuna. Zafin bazararmu yana wahalar da shi sosai. Naki zomayen, ribarsu tana wajen nama da taki.