Amsa ga ɗan'uwan da ya tambayi inda zai fara karatun tarihin yaƙe-yaƙe

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Ka ce ka sayi ƙaton littafi kan Yaƙin Duniya na Biyu, kana zuwa shafi na 40 sunayen janar-janar da na garuruwa suka cakuɗe maka, ka rufe shi, yanzu kana tambaya ko akwai inda ake farawa ko kuwa kanka ne ba ya ja. Kanka lafiya lau yake. Abin da ya same ka shi ya same ni, nawa ma ya fi naka ciwo.

Lokacin da na fara sha'awar abin, akwai wani dattijo da muke ganin ya sha karatu. Na same shi cikin ladabi na yi masa irin tambayarka. Ya dube ni sama da ƙasa, ya zaro littafin On War na Clausewitz, wani janar ɗan Prussia (Jamus ta yau), ya miƙo mini, ya ce in ban iya wannan ba in haƙura da harkar. Sati uku ina fama da shi dare da rana. In karanta sakin layi sau huɗu, in ɗago kai ban san me aka ce ba. Ban san cewa marubucin ya rasu a 1831 bai gama gyara littafin ba, matarsa ce ta fitar da shi daga 1832, kuma falsafar yaƙi ce zalla aka rubuta wa hafsoshin da suka riga suka san yaƙe-yaƙen Napoleon ciki da waje. Ranar da na mayar masa, akwai mutane kusan takwas a zaune. A gabansu ya ce in faɗi abin da na fahimta. Na fara in'ina, ya kwashe da dariya, ya juya ga sauran ya ce ai dama ya faɗa, ba kowane kai aka yi wa karatu ba. Har yau ina tuna yadda kunnuwana suka yi zafi, da yadda na rasa inda zan sa hannuwana. Abin da ya fi ƙona mini rai, daga baya na gane shi kansa jimla ɗaya ya haddace a littafin, waccan da ke cewa yaƙi ci gaban siyasa ne ta wata hanya, ita yake ta juyawa a kowane zama. Shekara huɗu ban sake taɓa littafin tarihi ba saboda mutumin nan. Na yafe masa, amma shekarun nan huɗu suna yi mini ciwo.

Wanda ya dawo da ni shi ne The Face of Battle na John Keegan, na 1976. Da shi nake so ka fara. Yaƙi uku kawai ya ɗauka: Agincourt a 1415, Waterloo a 1815, da Somme a 1916. Bai dame ka da jerin sunayen manya ba, sai ya sa ka tsaya kusa da ƙaramin soja, ka ga taɓon da ya riƙe ƙafafun mayaƙan Faransa masu sulke, ka ga hayaƙin bindiga da ya hana mutum ganin na gabansa. Da na zo ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta yaƙin Somme, inda Birtaniya ta yi asarar mutum sama da 57,000 tsakanin matattu da masu rauni, fiye da 19,000 daga ciki suka mutu a wuni guda, bayan an yi mako ana ruwan bama-bamai da aka ce zai share musu hanya, sai na rufe littafin na fita waje. A ranar na gane cewa tarihin yaƙi labarin mutane ne irina da kai.

Tunda Yaƙin Duniya na Biyu kake so, ajiye ƙaton nan tukuna ka nemi Stalingrad na Antony Beevor. Gari ɗaya ne, kogi ɗaya, Volga, daga Agustan 1942 zuwa 2 ga Fabrairun 1943. Kuma don Allah kar ka karanta babu taswira a gefenka. Ni da hannuna na zana tawa a bayan wata tsohuwar takarda, sai ga shi na ga da idona dalilin da ya sa sojojin Tarayyar Sobiyet suka auka wa gefunan da dakarun Romaniya, ƙawayen Jamus, ke tsaro a Nuwamba, suka yi wa rundunar Jamus ta 6 ƙawanya. Kimanin sojoji 91,000 na ɓangaren Jamus aka kama a ƙarshe, waɗanda suka koma gida ba su wuce 6,000 ba.

Ka yi hattara da littattafan da janar-janar suka rubuta kan kansu. Na ɗauki lokaci ina gaskata Lost Victories na Manstein, ɗaya daga cikin manyan janar-janar na Hitler, inda duk nasara tasa ce, duk faɗuwa laifin Hitler ne, ta'asar da aka yi wa farar hula kuwa ya yi gum. Ka karanta irinsu daga baya, in ka samu abin auna su.

Ta fuskar tarihin duniya, ka nemi littafin Amin Maalouf kan yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya yadda marubutan Larabawa suka ba da labarinsu, ya fito da Faransanci a 1983, akwai fassarar Turanci. Zai kai ka har Hattin a 1187, inda Salahuddin ya ci 'yan Salibiyya da yaƙi, ka ji labarin ta bakin ɗaya ɓangaren. Muƙaddima ta Ibn Khaldun, wadda ya rubuta a 1377, ita ta koya mini tambayar me ya sa daula ke tashi da ƙarfin haɗin kan jama'arta, ta ruɓe in jikoki sun saba da daɗi. Tana da nauyi, ka riƙa ɗibanta kaɗan-kaɗan. The Guns of August na Barbara Tuchman kuwa, kan watan farko na yaƙin 1914, yana tafiya kamar ana ba ka labari da baki. Nawa wani ya ara shekara biyu ke nan, da duk rubutun da na yi a gefen shafuka, ko waya ba ya ɗauka. Ka rubuta sunanka a naka, kuma ka san wanda za ka ba.

Littafin dabarun yaƙi na Sun Tzu, masanin tsohuwar ƙasar Sin, babi 13 ne kawai, za ka gama a zama biyu, amma ba zai koya maka tarihi ba. Thucydides, marubucin tarihin tsohuwar Girka, da Clausewitz ka bar su sai ka yi shekara kana karatu. Ni sai da na koma wa Clausewitz bayan littattafai kusan ashirin sannan ya buɗe mini, har na ji daɗinsa.

Ka fara da babin Waterloo in na Agincourt ya yi maka nisa, shafi goma a rana ya isa. Duk inda ka maƙale ka dawo ka tambaya, ni zan amsa maka, kuma babu wanda zai yi maka dariya ina gani.