Kulocin Hilux ɗina yana nutsewa: faifai ne ko man kuloci?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da Hilux da nake ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Jega. Kwanan nan in na taka kuloci sai ya tafi ƙasa lakwas, giya ta ƙi shiga sai na buga shi sau uku ko huɗu. Wani makanike ya ce a sauke giyabos a canza faifan kuloci. Haka ne? Daga mai karatu a Jega.

Amsa: Malam, kada ka yi saurin sauke giyabos. Faifan da ya cinye, alamarsa daban: ka ba da wuta inji ya yi ƙugi, mota ba ta ja. Kulocin da ke dawowa in an bubbuga shi kuwa, yawanci iska ce ta shiga layin mai, ko robar da ke cikin silinda ta gaji.

Silinda biyu ne ke aiki da man kuloci. Na farko, wato masta, yana sama, a jikin bangon inji daidai bayan feda. Ƙaramin yana ƙasa a gefen giyabos, shi ke tura ƙarfen da ke sakin faifai. Fara da duba man a gwangwaninsa. In ya ragu, akwai inda yake bi. Leƙa ƙarƙashin sitiyari, ka shafa sandar da ta haɗa feda da masta. In hannunka ya jiƙe, ko kafet ya yi danshi a wurin, masta ne. Sannan ka shiga ƙarƙashin mota ka janye robar da ke rufe bakin na ƙasa. In mai ya ɗigo, ka kama ɓarawo. Duba tiyon roba ma, zafi yana tsattsaga shi.

Wanda ke ruɗa mutane shi ne mai bai ragu ba, amma kuloci na nutsewa. Tayar da inji a fili, sa giya ta ɗaya, riƙe kuloci a ƙasa kamar minti guda. In mota ta fara jan ciki da kanta, mai yana zillewa ta gefen robar masta yana komawa gwangwani.

Shawararmu, canza silinda biyun tare. Shekarunsu ɗaya, datti ɗaya suka sha. Canza robobi kawai yana isa in cikin silinda sumul yake. In yatsa ya ji kaushi ko tsatsa, canza robobi kawai asarar kuɗi ce. Notin bututun mai yana son sifana lamba 10 mai kama shi sosai, don da ya murje an shiga uku.

Bayan ɗaurawa sai fitar da iska, aikin mutum biyu. Ɗaya ya buga feda ya riƙe a ƙasa, ɗaya ya buɗe ɗan notin da ke jikin na ƙasa, ya rufe kafin a saki feda. A maimaita har kumfa ta ƙare, ana cika gwangwani kada ya ƙafe. Feda ta sami ɗan wasa, milimita 5 zuwa 15, kafin ta kama.

Man kuloci man birki ne, mai alamar DOT 3 ko DOT 4 kaɗai za ka zuba, daga sabuwar kwalba, domin wanda aka bari a buɗe yana shan danshi. Baƙin mai ko man giya yana kumbura robobin su lalace. In ya ɗiga a fenti, wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.