Laftof tana ganin SSD yau, gobe ta ce babu: fomatin ne magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Daura ne, ina ajin ƙarshe a wata jami'a a Katsina. Ina da laftof HP ta hannu mai SSD. Kusan wata guda ke nan, wani lokaci in na kunna ta sai ta rubuta "Boot Device Not Found" da lamba 3F0. In na kashe na ɗan danna ƙasanta, sai ta tashi lafiya lau. Abin ya fi faruwa idan na dawo daga gida a mota. Wani mai gyara ya ce a yi fomatin a sake Windows. Abokina ya ara mini sabon SSD ɗinsa muka saka, shi ma saƙon da ta nuna ke nan. Firojet ɗina duk yana ciki. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, kada ka bari kowa ya yi wa wannan kwamfuta fomatin yanzu. Duk lokacin da ta sake tashi, kada ka buɗe komai sai jakar firojet ɗinka. Kwafe ta a filashi, sannan ka tura wa kanka ta imel ko ka ɗora a Google Drive. Na nanata wannan ne saboda SSD, wato ma'ajiyar da Windows da fayilolinka ke ciki, ba halinsa ɗaya da tsohon hadis (hard disk) mai juyawa ba. Tsohon hadis yakan yi ƙara, ya yi ta ja da baya kwana da kwanaki kafin ya mutu. SSD kuwa yana iya aiki da safe, da yamma ya ɗauke ɗif. Kuma idan aka yi masa fomatin, akwai wani umarni da ake kira TRIM wanda Windows ke aika masa ya share gurabun da aka goge, shi ya sa manhajojin dawo da fayil da ke yi wa mutane rana a kan tsohon hadis sukan dawo hannu rabbana a kan SSD.

To, ita kanta shawarar fomatin ba ta dace da alamun da ka faɗa ba. Windows da ya lalace ba ya gyaruwa don an danna ƙasan kwamfuta, kuma bai san ka hau motar Daura ba. Matsalar da ke zuwa tana tafiya, wadda girgiza ke tayarwa, dannawa kuma ta kwantar, kusan kullum matsalar haɗuwa ce: SSD ɗin bai zauna daram a raminsa ba. Tafiyar kusan kilomita 80 a cikin jaka, ga gargada, ga matsi a mota, ta isa ta motsa abin da noti ɗaya tak ke riƙe da shi. A kwamfutocin hannu kuma na sha buɗewa in tarar notin ma babu shi, an maƙale SSD ɗin da salatif ko an tura masa ninkakkiyar takarda.

Ga yadda za ka tabbatar ba tare da ka kwance komai ba. Ranar da saƙon ya fito, kashe ta, ka kunna kana danna Esc a kai a kai. A HP, F10 zai kai ka BIOS (shafin saitin kwamfuta da ke zuwa kafin Windows), F9 zai nuna jerin abubuwan da za ta iya tashi daga kansu, F2 kuma zai buɗe gwajin kayan ciki, inda za ka zaɓi gwajin ma'ajiya. Masu Dell F2 ne BIOS ɗinsu, F12 kuma jerin tashi. Masu Lenovo ThinkPad F1. Abin da kake nema ɗaya ne: shin sunan SSD ɗin ya bayyana ko bai bayyana ba? Idan gwajin ya ce bai ga ma'ajiya ba sam, to maganar ba ta kai ga Windows ba, tsakanin SSD da bod take, wato babban allon da duk kayan ciki ke jone a kansa. Idan kuwa yana nan, ya ci gwaji, amma ta ƙi tashi, sai mu koma kan saiti, zan zo kansa.

Mu ɗauka bai bayyana ba, wanda shi na fi zato. Cire caja, ka kashe ta gaba ɗaya. Buɗe murfin ƙasa da ƙaramar sukurudireba, ka ajiye notunan a tsare domin ba duka tsayinsu ɗaya ba. Idan batirin na ciki ne, zare soket ɗinsa daga bod kafin ka taɓa wani abu, sannan ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 15 don sauran wutar ta fita. Akwai abin da mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa kiyayewa. Ka san wannan tartsatsin da ke kama yatsa lokacin hunturu idan ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi? Bushewar iska ce ke tara shi, kuma yana iya ƙona ƙananan kayan ciki ba tare da ka ga ko hayaƙi ba. Don haka kada ka yi aikin a kan bargo ko kafet, ka taɓa ƙarfen taga ko na ƙofa kafin ka fara, ka kuma riƙe SSD ɗin ta gefe-gefe.

Idan naka siririn nan ne mai kama da sandar cingam, wato M.2, kwance notin da ke wutsiyarsa, zai ɗago da kansa, sai ka zaro shi a hankali. Dubi haƙoran nan masu ruwan zinariya. Ƙurar Katsina ba ta raina rami komai ƙanƙantarsa, fankar kwamfuta kuma ita ke zuƙo ta ciki. Goge haƙoran da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit, ka bari ya bushe, ka kakkaɓe ramin da busasshen burushi mai laushi. Kada ka hura da baki, akwai danshi. Mayar da shi a karkace, kamar digiri 30, ka tura har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka kwantar da shi ka ɗaure noti ba da ƙarfin tsiya ba. Idan kuma mai faɗin nan ne na inci 2.5, to sau da yawa laifin na siririn kebul ɗin da ke haɗa shi da bod ne. Yakan tsage ta wurin lanƙwasa ko makullinsa ya saki. Canza shi ya fi sabon SSD araha nesa ba kusa ba.

Yanzu SSD ɗin abokinka. Wannan gwajin da kuka yi bai tabbatar da komai ba, kuma nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa bod ya mutu. Saƙon 3F0 cewa yake yi kwamfuta ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba. Sabon SSD fanko ne, babu Windows a kansa, saboda haka ko da ta gan shi sarai, saƙon da za ta nuna ke nan. A BIOS ya kamata ku duba shi. Sannan M.2 iri biyu ne da suka yi kama a ido amma yarensu daban: SATA da NVMe. Na SATA yawanci yana da tsaga biyu a haƙoransa, gudunsa bai wuce kusan megabait 550 a daƙiƙa ba. NVMe yawanci tsaga ɗaya gare shi, kuma yana ninka wancan sau da yawa. Wasu kwamfutoci iri ɗaya kawai suke karɓa, ɗayan ko ya shiga ramin ba za su gan shi ba. Lambar 2280 da za ka gani a jiki kuwa girma ce kawai, faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80. Kafin ka sayi wani, nemi cikakkiyar lambar samfurin laftof ɗinka a ƙasanta ka duba wanne take ɗauka.

Idan kuwa BIOS na ganin SSD ɗinka amma Windows ya ƙi tashi, duba ko saiti ya juya. A tsofaffin kwamfutoci ƙaramin batirin da ke riƙe agogo da saiti yakan mutu, alamarsa ita ce kwanan wata ya riƙa komawa baya. Windows da aka ɗora a tsarin UEFI ba zai tashi ba idan saitin ya koma Legacy, haka ma akasin haka (sabo da tsohon tsarin tayar da kwamfuta ke nan). Canji tsakanin AHCI da RAID kuma, wato saitin yadda kwamfuta ke magana da ma'ajiya, shi ke kawo shuɗin allo mai rubutu "INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE". Ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin ka canza komai, ka kuma canza abu ɗaya a lokaci guda. Idan akwai BitLocker (makullin da Windows ke rufe ma'ajiya da shi) a kunne, taɓa waɗannan saituna ko cire SSD ɗin zuwa wata kwamfuta na iya sa a nemi mabuɗi mai lamba 48. Nemo shi a asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda tun kwamfutar tana tashi.

Bayan ka mayar da shi ta tashi, sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce. Za ta nuna maka lafiyar SSD ɗin, awannin da ya yi yana aiki da kuma zafinsa. Idan ta nuna gargaɗi, to SSD ɗin ne ke kan hanya, ka canza shi kafin ranar kare firojet. Lura da zafin musamman a watan Afrilu da Mayu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40. Kwamfutar da aka ɗora a kan katifa ta toshe hancinta na iya kai SSD sama da digiri 70, daga nan ya fara rage gudu, wani ma ya ɓace sai ya huce. Idan kuma batirinka ya mutu, kwamfutar na mutuwa duk sanda aka ɗauke wuta, wannan ma yana lalata fayilolin tashi, wani lokaci har da shi kansa SSD ɗin.

Idan ka yi duk wannan bai bayyana ba, saura gwaji ɗaya da zai raba gardama. Sayi ko ari kesin na USB wanda ya dace da irin SSD ɗinka, ka saka shi ka jona a kwamfutar abokinka. Idan Windows ya tambaye ka ko a yi masa fomatin, ka ce a'a. In fayilolinka sun fito, SSD lafiya yake, ramin da ke kan bod ne ya sami matsala, wannan kuma aikin mai gyara ne da ya iya walda ƙananan kaya. In ka kai masa, kai kwamfutar kawai, SSD ɗin ya zauna a aljihunka. In kuma can ma bai fito ba, daina jona shi kana cirewa, ka rubuto mini sunansa da lambar da ke jikinsa, mu ga ko irin wanda ake iya ceto ne.