Amsa ga mai GT86 da bambarsa ke gugar ƙasa

Malam, na ga tambayarka. Ka ce ka sayi Toyota GT86 wadda mai ita na farko ya sauke ta, wato ya rage mata tsayi, da shoka masu zare (waɗanda ake juyawa a canza tsayin mota), yanzu bambar gaba tana gugar ƙasa a bakin get ɗinka da kan tudun rage gudu, kuma kana son a gaya maka wace roba ko wane leɓe (ƙarin da ake ɗaurawa a ƙasan bakin bamba) za ka saya ka liƙa. 'Yan'uwa sun jero maka sunayen kaya, sun kyauta. Amma kafin ka fitar da ko kwabo, ka sani duk abin da aka liƙa a ƙarƙashin bamba ba ya hana guga, ƙara matso da hancin motar ƙasa ma yake yi gwargwadon kaurinsa. Aikinsa ya karɓi dukan a madadin fenti. Masu hana gugar kanta su ne tsayi da yadda ka tunkari hawa, don haka da su za mu fara.

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen daɓe, ka tabbata iskar kowace taya ta kai PSI 35 kamar yadda kamfani ya rubuta a jikin ƙofa. Auna daga ƙasa zuwa inda bamba ta fi sauka, a tsakiya da kuma kusurwoyi biyu. Sannan auna daga inda tayar gaba ta taɓa ƙasa zuwa daidai ƙarƙashin wannan wurin. A ce ka samu tsayi santimita 9, nisa santimita 72. Raba 72 da 9, ka samu 8. Ma'anarsa duk hawan da ke tashi fiye da santimita ɗaya a kowane santimita takwas, in ka fuskance shi kai tsaye, bamba za ta riga taya isa gare shi. Rubuta wannan lamba, za mu dawo kanta a maganar get.

Motar nan daga kamfani tana da kimanin santimita 13 tsakaninta da ƙasa, wato tun asali ba ta da rara. Mutum ya sauke ta santimita 4 ya kuma ɗaura mata leɓe mai santimita 2, ya cinye kusan rabi. Akwai kuma abin da masu saukewa ba su cika lissafawa ba: in gaba ya fi baya sauka, bamba tana sauka fiye da abin da aka auna a kan taya. Tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 2,570 ne, hancin kuma ya zarce tsakiyar tayar gaba da kusan milimita 845. In an sauke gaba milimita 30, baya milimita 10, wannan bambancin na 20 yana ƙara wa bakin bamba kusan milimita 7 na sauka. Bakwai ba komai ba ne a ido, amma a bakin get shi ne tsakanin wucewa shiru da jin ƙarar da ke sa mutum runtse ido.

Tun da shoka masu zare gare ka, kana da sa'a, ɗagawa ba ta cin kuɗi sai na bakanike da na saita tayoyi. Shawarata ka ɗaga gaba milimita 10 zuwa 15. Ba wanda zai lura a kan titi, amma bamba za ta lura. Sai dai ka tsaya a kan mai aikin. Shoka irin su BC Racing da Tein Flex Z ana canza tsayinsu ne ta kwance zoben ƙasa a juya jikin shokar a cikin kofinta. Da yawa ba su san haka ba, sai su kama zoben da ke riƙe sifirin su yi ta matsewa har motar ta tashi. Za ta tashi ɗin, amma an rage wa shoka damar miƙewa, sai motar ta riƙa tsalle a kan gargada, tayar tana barin ƙasa. In irin taka zobe ɗaya ne kawai a ƙarƙashin sifirin, kamar yawancin na kamfanin KW, to nan ne wurin saiti, kada ka wuce iyakar da takardarsu ta bayar. A wanke zaren da buroshi tukuna, don ƙura da tsatsa suna cije shi, ƙarfi kuma sai ya lalata haƙoran. Ana auna tsayi daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda, ba daga ƙasa ba, kuma hagu da dama su zo daidai. A gaba, abin da ka juya kusan shi za ka gani a taya. A baya taya tana motsawa fiye da abin da aka juya a shoka, saboda inda shokar ta zauna a kan hannun. Bayan an gama ka zaga unguwa motar ta zauna, a sake awo, sannan a kai ta saitin tayoyi. Canjin tsayi yana karkatar da bakin tayoyin gaba, in ka bari haka za su cinye ta ciki cikin ɗan lokaci.

Duba lambar tayarka ma. Ta kamfani 215/45R17 ce. In an sa maka 215/40R17 don kyan gani, ka rasa kusan milimita 11 ba tare da an taɓa shoka ba. Komawa ta asali kaɗai na iya warware rabin matsalarka. Shokar da ta mutu ita ma tana sa hanci ya dunguri ƙasa bayan taya ta sauko daga tudu. In ka ga mai yana tsatsafowa a jikinta, ba roba ce maganinka ba. Kada kuma ka yarda a cusa maka dunƙulen roba tsakanin zoben sifirin don ɗagawa, ficewa yake yi a hanya.

Sai tuƙi. Taka birki tun da nisa, ka sake shi kafin tayar gaba ta taɓa tudun. Birki yana tura nauyi gaba, hanci ya sunkuya santimita biyu ko uku, daidai lokacin da kake neman kowane milimita. Hau a karkace, taya ɗaya ta fara hawa kafin ɗayar, don tayar da ta hau tana ɗaga wannan gefen kafin tsakiyar bamba ta iso. Yawancin guga ma ba a hawa take faruwa ba, a saukowa ne: tayoyi biyu su faɗo tare, sifirin ya lotsa, hanci ya daki kwalta. Saboda haka ka sauko a hankali fiye da yadda ka hau, ka bar motar ta gangara da kanta a giya ɗaya. Na bayanka zai yi ta hon, ƙyale shi. Amma duba madubi kafin ka karkata, masu babur ba sa jira.

Abin da ke kashe bamba gaba ɗaya kuwa ba guga ba ce, maƙalewa ce. Ka shiga wurin fakin da gaba, hanci ya hau kan dakalin siminti, ba ka ji komai ba domin robar ta lanƙwasa ta wuce. Sai ka sa ribas, gefen ciki na bambar ya kama siminti kamar ƙugiya, ya fizge kilif da kunnuwan da ke riƙe ta da fenda. Shi ya sa ake fakin irin wannan mota da baya. In ta riga ta hau, kada ka ja da ƙarfi. Sa guntun katako a bayan kowace tayar gaba, ka koma a hankali tayoyin su hau kansa, hancin zai tashi ya saki.

Yanzu get ɗinka, wanda a ganina nan ne gizo ke saƙa, tun da kullum sai ka bi ta wurin. Auna tsayin daga titi zuwa daɓen gida. A ce santimita 15 ne. Da lambarmu ta 8, gangaren na bukatar aƙalla santimita 120 na tsawo, ni kuwa zan ce a yi 150 don a bar wa lotsawar sifirin da nauyin fasinja wuri. Magina sun saba yin gajeren gangare mai tsini domin motocin da suka sani manya ne, sai ka ba su lambar da kanka. A goge kaifin saman gangaren ya zama mai lanƙwasa, in ba haka ba ka ceci bamba ka ba da cikin motar, inda salansa yake. Wurin da ya fi wahala shi ne inda titi ya gangaro zuwa magudana sannan daɓen gida ya tashi, domin gangaren biyu haɗuwa suke yi su zama ɗaya. Nan cike kwarin ake yi da farantin ƙarfe mai kauri ko murfin siminti, a bar wa ruwa hanyarsa a ƙasa, kada damina ta haɗa ka faɗa da maƙwabta. In gidan haya ne ba ka da ikon fasa komai, yi matakala da katako mai kaurin santimita 4 ko 5, kowane na sama ya fi na ƙasa gajarta da santimita 40, a fere bakinsu, a haɗe su da sukurun. Lallai a kafe su a ƙasa ko a sa musu shimfiɗar roba. Motarka da tayoyin baya take ja, katakon da ba a kafe ba harba shi take yi baya, ya iya samun ƙafar mutum.

In an gama waɗannan, sai a zo kan abin da ka tambaya. Robar kariya kamar dunduniyar takalmi ce, ana sa ta ne don ta cinye a canza. Na sayarwa iri biyu ne. Akwai irin Sliplo, guntaye da ake liƙawa a jere a ƙarƙashin bakin bamba, akwai kuma irin Scrape Armor da ake yanka wa wasu motoci daidai siffarsu a ɗaure da sukurun. Masu liƙawa suna yawan faɗuwa, kuma galibi laifin shiri ne. Robar bamba irin wadda gam ba ya son kamawa ce. A wanke wurin da sabulu, a bushe, a goge da sifirit har tsumma ya fito fari, a shafa ruwan share fage na 3M irin Primer 94, a bari ya sha iska, sannan a liƙa a danne kowane guntu da ƙarfi. Gam ɗin VHB, wato tef mai gam fuska biyu na 3M, yana kai rabin ƙarfinsa cikin minti 20, amma sai ya yi awa 72 kafin ya kama sosai. Wanda ya liƙa da safe ya kai wanki da yamma, a hanya zai bar su.

Kana iya yin naka, kuma ya fi daɗewa. Nemi farar roba mai santsi ta UHMW ko HDPE mai kaurin milimita 5 ko 6. Faifan roba na yanka nama a kicin, in na HDPE ne, yana yi. Zana siffar ƙarƙashin bamba a kwali, ka yanka robar tsiri-tsiri mai faɗin santimita 4 zuwa 5, guntu uku: tsakiya da kusurwoyi biyu. Kusurwoyin su suka fi shan wuya da zarar ka fara hawa a karkace. Fere bakin gaba da na baya na kowane guntu ya kwanta. Na bayan shi ake mantawa, alhali shi ke hana maƙalewa a ribas. Gam ba ya kama wannan roba ko kaɗan, sai kusa mai zare: M5 (mai kaurin milimita 5) marar tsatsa, kowane santimita 10 zuwa 12, da faffaɗan washa da noti mai roba a ciki ta saman bamba. A faɗaɗa bakin ramin yadda kan kusar zai nutse cikin robar da aƙalla milimita 2. Kan kusa da ya fito waje shi ne zai kama kwalta ya yage bambar, ka ga an gudu ba a tsira ba. Kafin huda leƙa ciki, akwai wayoyin fitilar hazo a wajen kusurwa. Kada a ɗaure robar da ƙarfen jikin mota ko madogarin lagireto, domin dukan da bamba za ta shanye ta lanƙwasa sai ya wuce kai tsaye inda gyara ke da tsada. Alminiyom ban ba ka shawara ba: ba ya zamewa, cizo yake yi, in ya lanƙwashe kuma ya zauna a haka.

In leɓe kake so don ado, ɗauki na roba mai lanƙwasa irin poliyuritan, yana lotsawa ya dawo. Na faiba da na kabon tsagewa suke yi a bugu ɗaya. Ledar kare fenti kuwa kaurinta kusan milimita 0.2 ne, tana tare tsakuwa, siminti kuwa yaga ta yake yi.

Akwai na'urar ɗaga hanci da maɓalli ga mai hali. Porsche 911 da Corvette C8 ana sayar da su da ita, tana ɗaga gaba kimanin milimita 40. Ga mota irin taka ana ɗora HLS na KW, mai aiki da mai, ko kofunan iska da ke zama a saman sifirin. Na iska suna bukatar kwamfireso da tanki, a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a tankin, ƙura kuma tana cin robobinsu. Kafin ka saya ka tabbata girman ya dace da shokarka kuma kana da wanda zai iya gyara ta.

Gugar da ta riga ta faru, in a ƙarƙashi ne ba a gani, goge tsirarun robar da samfefa mai lamba 320 ka rufe da sabuwar kariyar, ba sai an yi fenti ba. In akwai tsaga, a huda ƙaramin rami na milimita 3 a ƙarshenta don kada ta ci gaba, sannan mai gyaran bamba ya narke ta ta ciki ya dasa waya. Duba kuma kilif ɗin murfin roba na ƙarƙashin inji, sau da yawa shi ne ya saki yana jan ƙasa, ana ɗora wa bamba laifi. Turo mana awon nan biyu na bamba da tsayin get ɗin, da hoton shokar ta gefe a ga ko zobe nawa gare ta, sai a gaya maka milimita nawa za ka ɗaga.